Daga Hukumar Makarantun Shoreline zuwa Majalisar Olympia: Nazarin Takarar Patty Murray ta 1988

A zaɓen watan Nuwamban 1988, a unguwannin da ke arewacin birnin Seattle na jihar Washington a Amurka, wata mata 'yar shekara 38 mai 'ya'ya biyu ta kayar da sanatan jiha mai ci, Bill Kiskaddon na jam'iyyar Republican, wanda ya riga ya yi wa'adi biyu a kan kujerar. Sunanta Patty Murray. Babban muƙamin da ta taɓa riƙewa kafin wannan rana shi ne kujera a hukumar makarantun gundumar Shoreline. Yau duniya ta san ta a matsayin daɗaɗɗiyar sanata a majalisar dattawan tarayyar Amurka, kuma yawancin masu ba da labarinta daga can suke farawa. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne matakin da ke ƙasa da wannan, wato yadda mai kula da makarantun unguwa ta yanke shawarar neman kujerar majalisar jiha, abin da ya tura ta, abin da ta taka ta hau, da kuma abin da kujerar ta iya yi mata da wanda ta kasa.

Wace irin kujera ce ta baro

Sai an fahimci hukumar makarantu a tsarin Amurka kafin labarin ya zauna. A Najeriya gwamna ne ke naɗa shugabannin SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, sakataren ilimi na ƙaramar hukuma shi ma naɗa shi ake yi, ƙungiyar iyaye da malamai kuwa shawara da gudummawa ne nata. A can abin ya sha bamban. An raba kowace jiha zuwa gundumomin makarantu, jihar Washington tana da 295, kuma mazauna kowace gunduma ne ke zaɓen mutanen da za su riƙe makarantunsu. A mafi yawan gundumomin jihar mutum biyar ne, wa'adinsu shekara huɗu. Ana zaɓensu a shekarun da ba a zaɓen shugaban ƙasa ko na 'yan majalisa, kuma ba a rubuta sunan jam'iyya a gefen sunan ɗan takara. Aikin kusan na sa-kai ne. Babu mai ciyar da iyalinsa da shi.

Amma aiki ne mai nauyi. Su ke ɗaukar babban jami'in da zai gudanar da makarantun, su ke sallamarsa. Su ke amincewa da kasafin kuɗi, da yarjejeniya da ƙungiyar malamai, da littattafan da za a karantar. Idan za a rufe makaranta, su ne za su ɗaga hannu a bainar jama'a, a zauren da iyayen yaran suke zaune suna kallonsu. Washegari kuma a kanti ɗaya za su haɗu da waɗannan iyaye.

Ga inda gizo ke saƙa. Kundin tsarin mulkin jihar Washington, a sashe na tara, ya ce babban aikin da ya fi kowane aiki a wuyan jiha shi ne ta wadata ilimin dukkan yaran da ke zaune cikin iyakokinta. Duk da haka, shekara da shekaru gundumomi sun dogara ne da wani harajin gidaje na musamman wanda sai an kai shi gaban masu zaɓe lokaci-lokaci, kuma sai kashi 60 cikin 100 sun amince kafin ya wuce. A 1975 mutanen Seattle suka ƙi amincewa da wannan haraji har sau biyu, makarantun birnin suka shiga halin ni-'yasu, gundumar ta maka jiha a kotu. A 1977 alƙali Robert Doran ya yanke hukunci cewa jiha ta gaza sauke nauyin da kundinta ya ɗora mata, kotun ƙolin jihar ta tabbatar da hukuncin a 1978. Majalisar jiha ta yi dokar da ta fayyace abin da ake nufi da ilimi na tushe, ta ɗauki nauyin biyansa, sannan ta sa iyaka ga abin da gunduma za ta iya tarawa da kanta ta hanyar harajin gidaje.

Tun daga nan mafi yawan kuɗin makarantun jihar daga Olympia, babban birnin jiha, yake fitowa. Ɗan hukumar makaranta ya zama kamar mai rabon tuwo a gidan biki: wani ne ya auna hatsin, shi kuma aka bar shi da masu miƙo kwano. Idan bai isa ba, shi ake gani.

Yadda ta shigo

Murray ba daga gidan siyasa ta fito ba. An haife ta a garin Bothell a 1950, su bakwai ne a gidansu, ita tagwaye ce. Mahaifinta tsohon soja ne da ya ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu, yana gudanar da wani ƙaramin kantin kayan araha a garin. Tana budurwa ciwon jijiyoyi da ake kira MS ya kama shi har ya kasa aiki. Iyalin suka rayu na wani lokaci da tallafin abinci na gwamnati, mahaifiyarta ta koma makarantar koyon sana'a da taimakon wani shirin gwamnati ta koyi aikin lissafin kuɗi, kuma duka yaran bakwai sun gama jami'a da tallafi da rancen ɗalibai. Ita ta kammala Jami'ar Jihar Washington a 1972. Na kawo wannan ne don shi ke bayyana dalilin da ya sa layin kasafin kuɗi bai taɓa zama mata lamba kawai a takarda ba. Ta san gidan da irin wannan layi ya tsayar da ƙafafunsa, domin a cikinsa ta tashi.

A farkon shekarun 1980 tattalin arzikin jihar ya shiga matsi. Sana'ar katako ta durƙushe, rashin aikin yi ya haura kashi 10 cikin 100, kuma jihar Washington ba ta karɓar harajin albashi, da harajin ciniki ta fi dogara, wanda shi ne ke fara raguwa idan aljihun mutane ya bushe. 'Yan majalisa suka shiga neman abin yankewa. Ilimin firamare da sakandare yana da katangar hukuncin kotu, saboda haka wuƙa ta koma kan abin da ba shi da katanga. Cikin waɗannan akwai shirin makarantun rainon yara na haɗin gwiwa, wanda kwalejojin al'umma ke tallafawa. A irin wannan makaranta iyaye ne ke gudanar da komai, suna karɓa-karɓa wajen taya malama aiki a aji, kwaleji kuma tana turo wanda zai koyar da su kansu iyayen dabarun tarbiyya. 'Ya'yan Murray suna cikin ɗaya daga cikinsu, ƙarƙashin Kwalejin Al'umma ta Shoreline.

Ta ɗauki hanya ta tafi Olympia don ta roƙi a bar shirin. Kamar yadda ta sha ba da labari, wani ɗan majalisa ya saurare ta ya ce mata ba abin da za ta iya sauyawa, ita uwa ce kawai mai yawo da takalmin kambas. Wannan magana ta zama tambarinta daga baya, har ta kai mutane na tuna maganar suna manta aikin da ya biyo bayanta. Aikin kuwa shi ne ainihin labarin. Ta koma gida ta hau waya. Babu intanet, babu wayar hannu. Sai littafin lambobi da wayar gida. Kowace makarantar haɗin gwiwa tana da jerin sunayen iyayenta, kuma iyayen sun saba da taro, da rabon aiki, da tara kuɗi, tunda da haka suke tafiyar da makarantunsu. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har aka haɗa iyaye kimanin 13,000 a faɗin jihar. Suka yi ta rubuta wasiƙu, suna cika harabar majalisa da yara a hannu. Aka mayar da kuɗin shirin.

A ganina, a nan aka ci zaɓen 1988, shekaru kafin a buga takardar ƙuri'a. Mutanen da suka yi wannan gwagwarmaya tare da ita sun ga ta yi aiki a lokacin da ba ta neman komai a wurinsu. Irin wannan yarda ba a sayenta da talla.

Shekarun hukuma

Daga baya ta koyar da darasin tarbiyyar yara a wannan kwaleji ta Shoreline, daga 1984 zuwa 1987. Ta nemi kujerar hukumar makarantu, ba ta yi nasara a karon farko ba, sai da gurbi ya samu aka naɗa ta, daga bisani ta zama shugabar hukumar. Ta zauna a kai har zuwa 1989.

Lokacin bai zo da sauƙi ba. Shoreline yanki ne da ya cika da sababbin gidaje bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka yi ta gina makarantu don ɗimbin yaran da aka haifa a wancan zamani. Sai yaran suka girma, haihuwa ta ragu, ga kuma kamfanin jiragen sama na Boeing, wanda shi ne uban gidan yankin wajen ɗaukar ma'aikata, ya rage mutanensa daga kimanin 100,000 a ƙarshen shekarun 1960 zuwa ƙasa da 40,000 a 1971. Ajujuwa suka yi ta zama wayam. Tunda jiha bisa yawan ɗalibai take ba da kuɗi, raguwar yara raguwar kuɗi ce, alhali ginin makaranta bai san an rage yara ba: rufinsa zai yi yoyo, sai an ɗumama shi da sanyi. Gundumar ta rufe makarantu da dama a tsawon waɗannan shekaru, kuma a 1986 aka rufe babbar sakandaren Shoreline kanta, aka bar Shorecrest da Shorewood.

Duk wanda ya zauna a hukuma a irin wannan yanayi zai koyi abu biyu. Na farko, karatun kasafin kuɗi na gaske, layi-layi: nawa jiha ke biya kan kowane ɗalibi, malami nawa wannan kuɗi zai ɗauka, me ya rage wa motocin ɗaukar yara da yara masu buƙata ta musamman. Na biyu ya fi ciwo. Zai gane cewa tambayoyin da iyaye ke yi masa da zafin rai, me ya sa aji ya cika, me ya sa aka daina koyar da kiɗa, me ya sa malamai ke barazanar yajin aiki, amsarsu tana hannun wasu mutane 147 da ke zama a Olympia, sanatoci 49 da wakilai 98. Ɗan hukuma yana da zaɓi: ya ci gaba da zuwa can yana roƙo a bakin ƙofa, ko ya nemi shiga ɗakin. Murray ta riga ta ɗanɗani bakin ƙofa.

Takarar

Jihar Washington tana da mazaɓu 49, kowace tana aika sanata ɗaya da wakilai biyu. Shawarar da mai lissafi zai ba sabon shiga ita ce ya fara da majalisar wakilai, ko ya jira kujerar da mai ita zai sauka. Murray ta tsallake duka biyun, ta nufi kujerar sanata a mazaɓa ta ɗaya, inda mai ci yake neman wa'adi na uku. Kayar da mai ci a majalisun jihohin Amurka abu ne mai wuya. Sunansa sananne ne, masu ba da gudummawar kuɗi sun fi son wanda suka riga suka sani, jam'iyyarsa kuma za ta kare shi.

Akwai wata asara da ta fara yi tun ranar da ta bayyana takara, wadda ba a cika ambatonta ba. A hukumar makarantu ba ta da tambarin jam'iyya. Uban da ke zaɓen Republican da uwar da ke zaɓen Democrat duk suna iya kallonta a matsayin tasu, mai kula da makarantar ɗansu. Da ta tsaya a ƙarƙashin jam'iyyar Democrat, wani kaso na waɗannan iyaye dole su sake auna ta da wani ma'auni dabam: haraji, ƙungiyoyin ƙwadago, zubar da ciki, duk batutuwan da ba su taɓa shiga tsakaninsu ba. Ga kuma tarihin hukuma da ke bin mutum. Duk shawarar da hukuma ta yanke ta ɓata wa wani rai, kuma wanda aka rufe makarantar unguwarsu ba ya mantawa. Ɗan hukumar makaranta yana shiga takara da masoya da ya sani da suna, da kuma masu jin haushinsa da su ma ya sani da suna.

Abin da ta sa a gaba shi ne bin gida-gida. Masu rubuta tarihinta sun ce ta ƙwanƙwasa ƙofofi kimanin 17,000. A yi lissafi: ko da mutum zai bi gida 100 kowace rana ba hutu, sai ya kusa cinye wata shida. Wannan dabara tana aiki ne a mazaɓar jiha saboda ƙanƙantarta. Mai neman kujerar tarayya ba zai iya ganin masu zaɓensa ido da ido ba, dole ya sayi lokaci a talabijin. Mai neman kujerar majalisar jiha, idan yana da ƙafa da haƙuri, zai iya tsayawa a ƙofar babban kaso na gidajen da za su yi zaɓe. Kuma a nan ne shekarun makaranta suka biya ta. Idan aka buɗe ƙofa, sau da yawa ba baƙuwa aka gani ba. Wata ta san ta a makarantar rainon yara, wani ya gan ta tana jagorantar zaman hukuma, wata ta zauna a ajinta a kwaleji. Waɗanda suka buga waya a yaƙin ceton makarantun yara su ne suka sake buga waya, suka liƙa ambulan, suka kafa alluna a gaban gidajensu.

Bai kamata a ɗora komai a kan ƙoƙarinta kaɗai ba. Shekarar ta yi wa 'yan Democrat kyau a jihar: ɗan takararsu na shugaban ƙasa, Michael Dukakis, wanda ya sha kaye a ƙasa baki ɗaya a hannun George Bush babba, ya ci jihar Washington, gwamna Booth Gardner kuma ya koma kujerarsa da gagarumin rinjaye. Sai dai iskar ba ta kwashe kowa ba. A wannan zaɓen ne Slade Gorton na Republican ya ci kujerar sanatan tarayya, kuma 'yan Republican suka ci gaba da riƙe majalisar dattawan jiha. A wancan lokaci masu zaɓen Washington sun saba raba ƙuri'a tsakanin jam'iyyu, mutum suke dubawa. A irin wannan wuri, wanda aka sani a ƙofar gida yana da abin da guguwar jam'iyya ba za ta ba shi ba.

Abin da ta tarar a ciki

Ta shiga majalisa a watan Janairun 1989 a ɓangaren marasa rinjaye. Jeannette Hayner ta Walla Walla ce ke jagorantar masu rinjaye na Republican, mace mai riƙe 'yan jam'iyyarta da ƙarfi duk da ƙarancin tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu. Majalisar Washington ba ta zama duk shekara: kwana 105 a shekarar da ake yin kasafi, kwana 60 a mai bi mata. Sabon sanata daga marasa rinjaye ba ya shugabantar kwamiti, ba shi ke tsara abin da za a tattauna ba, kuma kasafin ilimi, abin da ya kawo ta, manyan masu rinjaye ne da gwamna da majalisar wakilai ke ƙulla shi.

Sai ta nemi inda ƙaramin hannu zai iya kamawa. Fitaccen abin da aka san ta da shi a wannan wa'adi shi ne hutun kula da iyali. A 1989 jihar ta yi dokar da ta ba ma'aikatan manyan kamfanoni damar ɗaukar hutun mako 12 ba tare da rasa aikinsu ba idan an yi musu haihuwa, ko sun ɗauki riƙon ƙaramin yaro, ko ɗansu na fama da ciwon ajali. Murray tana cikin waɗanda suka dage a kan wannan, musamman ɓangaren iyayen da ɗansu ke kwance. Wannan ya zo shekara huɗu kafin dokar tarayya ta 1993, wadda shugaba Bush ya ƙi sa wa hannu har sau biyu kafin Bill Clinton ya sa. Daga 1990 'yan jam'iyyarta suka ba ta muƙamin mai tsawatarwa, wato mai ƙirga ƙuri'u da tabbatar da kowa ya tsaya a layi. Aiki ne da ya dace da wadda ta fara siyasa da jerin sunaye da lambobin waya.

A nan ne nake ganin ya kamata a faɗi gaskiya game da iyakar wannan hanya. Matsalar da ta fi damun hukumomin makarantu, wato gibin da ke tsakanin abin da jiha ke biya da abin da ilimi ke ci a zahiri, ba ta warware ba a shekara huɗun da ta yi a Olympia. Ba laifinta ba ne ita kaɗai, ƙuri'a ɗaya ce cikin 49. Amma duk ɗan hukumar makaranta da ke gaya wa iyaye cewa a tura shi majalisa zai gyara kuɗin makarantu, ya kamata iyayen su tambaye shi ta yaya, da wa, kuma a wane kwamiti. Shiga ɗakin mataki ne. A cikin ɗakin ma akwai wani ɗaki.

Kuma ba ta daɗe ba. A watan Oktoban 1991 Amurka ta kalli yadda kwamitin shari'a na majalisar dattawan tarayya, wanda duk maza ne, ya yi wa Anita Hill tambayoyi kan zargin cin zarafi da maganganun batsa da ta yi wa Clarence Thomas, wanda ake tantancewa don zama alƙalin kotun ƙolin Amurka. Murray ta ce wannan ne ya sa ta yanke shawarar neman kujerar tarayya. Ta bayyana takara tun sanata mai ci na jam'iyyarta, Brock Adams, yana kan niyyar komawa. A watan Maris na 1992 jaridar Seattle Times ta buga zarge-zargen cin zarafi da mata takwas suka yi masa; ya musanta, amma ya janye daga takara. Murray ta doke tsohon ɗan majalisar tarayya Don Bonker a zaɓen fid da gwani, sannan ta doke Rod Chandler na Republican da kashi 54 cikin 100, duk da ya fi ta kuɗi. A wannan yaƙin ne maganar takalmin kambas ta zama take. Sauran tarihin sananne ne: yarjejeniyar kasafi da Paul Ryan, ɗan majalisar wakilai na Republican, a 2013, dokar ilimi ta 2015 da ta tsara tare da sanata Lamar Alexander na Republican wadda ta mayar wa jihohi iko mai yawa kan makarantunsu, da zamanta mace ta farko da ta riƙe muƙamin shugabar riƙo ta majalisar dattawan tarayya a 2023.

Tsani ko amana

Akwai masu sukar irin wannan tafiya, kuma sukar tana da tushe. Suna cewa idan kujerar hukumar makarantu ta zama matakalar hawa, za ta cika da masu buri waɗanda idonsu na kan Olympia ko wani babban birni, suna yanke shawara kan yara da tunanin yadda za ta kasance a takardar yaƙin zaɓe. An ga haka ƙarara a Amurka bayan annobar korona, lokacin da zaman hukumomin makarantu ya koma fagen rigimar jam'iyyu kan takunkumin fuska da littattafai da yadda ake koyar da tarihin launin fata, ƙungiyoyin siyasa na ƙasa suka fara zuba kuɗi a zaɓen da a da maƙwabta ne kawai suka damu da shi. Na ɗauki wannan damuwa da muhimmanci. Makarantar yara ba wurin gwajin buri ba ce.

Amma ban yarda maganin shi ne a ce ɗan hukuma ya tsaya inda yake ba. Majalisar da ke yanke kuɗin makarantu tana buƙatar mutanen da suka taɓa zama a gaban iyaye suna bayyana dalilin rufe makaranta. Lauyoyi da 'yan kasuwa ba su yi ƙaranci a majalisu ba. Wanda ya san abin da ragin kashi biyu cikin ɗari ke nufi a aji na uku shi ne ba a cika samu ba. Abin dubawa shi ne wanne ya riga wanne, aikin ko burin. A lamarin Murray jerin abubuwan a bayyane yake: shirin da 'ya'yanta ke ciki aka so kashewa, ta tara iyaye, ta koyar, ta faɗi zaɓen hukuma ba ta yi zuciya ba, ta yi shekaru tana zaman kasafi da dare, sannan ta nemi majalisa. Kusan shekara takwas ke nan tana abu ɗaya kafin sunanta ya hau takardar zaɓen jam'iyya.

Kujerar da ta bari a mazaɓa ta ɗaya ba ta yi nisa da makaranta ba. Wadda ta gaje ta a 1993, Rosemary McAuliffe, ita ma daga hukumar makarantu ta fito, ta gundumar Northshore da ke Bothell, inda ta yi shekara 14. Ita ba ta wuce gaba ba. Ta zauna a majalisar dattawan jiha shekara 24, ta shugabanci kwamitin ilimi, wato ta kai ɗakin cikin da Murray ba ta tsaya ta kai ba. A zamaninta ne, a 2007, masu zaɓe suka gyara kundin jiha aka sauke sharaɗin kashi 60 na harajin gudanar da makarantu zuwa rinjaye kawai, ko da yake rancen gina makarantu har yanzu yana buƙatar kashi 60 ɗin. A wannan shekarar kuma wasu iyaye da gamayyar gundumomi suka sake kai jiha kotu a shari'ar da aka sani da McCleary, kan magana ɗaya da alƙali Doran ya yanke shekara 30 da suka wuce. Kotun ƙolin jihar ta ba su gaskiya a watan Janairun 2012. Da majalisa ta yi ta jan ƙafa, kotu ta same ta da laifin raina umarni a 2014, a watan Agustan 2015 kuma ta sa wa jiha tarar dala 100,000 kowace rana. McAuliffe ta sauka a farkon 2017 tarar tana ci gaba da taruwa. Sai a watan Yunin 2018, bayan majalisa ta ƙara biliyoyin daloli a kasafin makarantu da albashin malamai, kotu ta ɗage tarar ta rufe shari'ar.